Na kammala karatun jinya: me zan rubuta a shafina na LinkedIn alhali ban taɓa aiki ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Na kammala makarantar koyon aikin jinya, na kuma ci jarrabawar hukuma, yanzu lasisi nake jira. Wata da ta riga ni gamawa ta ba ni shawarar in buɗe shafi a LinkedIn domin masu ɗaukar ma'aikata su gan ni, amma da na buɗe sai na tarar ana tambayar wuraren da na yi aiki, ni kuwa ban taɓa aiki a ko'ina ba. Me zan rubuta? Sannan dole ne sai na sa hotona? Daga wata mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Barka da kammala karatu, Allah Ya sa ki amfani al'umma da shi. Shawarar da aka ba ki mai kyau ce, sai dai yana da kyau ki san tun farko inda wannan shafi yake da amfani da inda amfaninsa bai taka kara ya karya ba. Aikin gwamnatin jiha ko na tarayya galibi ta sanarwar hukumar kula da asibitoci ko ta shafin asibitin da kansa ake samun labarinsa, saboda haka kada ki daina bibiyar waɗannan. Inda LinkedIn ke da tasiri shi ne wajen manyan asibitoci masu zaman kansu, da cibiyoyin bincike, da ƙungiyoyin agaji irin su MSF, wato ƙungiyar likitocin agaji ta ƙasa da ƙasa, wadda ke aiki a ɓangaren haihuwa a Jahun ta Jihar Jigawa, take kuma kula da yara masu tamowa a Katsina.

Cewar da kika yi ba ki taɓa aiki ba, ban yarda da ita ba. Kin shafe shekaru uku kina zagaya ɗakunan asibiti a matsayin ɗaliba, daga ɗakin maza zuwa na mata, daga ɗakin yara zuwa na tiyata da na haihuwa, kuma kin fita ƙauye aikin lafiyar al'umma. Wannan horo shi ne abin da za ki cika wurin gogewar aiki da shi, muddin kin bayyana a fili cewa a matsayin ɗaliba kika yi shi, ƙarƙashin kulawar na gaba da ke. Ki rubuta sunan asibitin, da ɗakin, da watannin da kika yi a ciki, sannan ki faɗi ainihin abin da hannunki ya taɓa. Mai ɗaukar ma'aikata ya gaji da karanta "ni mai ƙwazo ce, mai tausayin marasa lafiya", domin kowa haka yake rubutawa, kuma ba shi da hanyar tabbatarwa. Amma idan ya karanta cewa kin yi wata biyu a ɗakin haihuwa kina auna hawan jinin masu ciki, kina cika takardar bibiyar naƙuda, kin taimaka wajen kula da masu jijjiga, ko kuma kin yi aiki a ɗakin yara kina lura da ƙarin ruwa kina lissafa abin da yaro ya sha da abin da ya fitar, to ya san a wane ɗaki zai iya ajiye ki ranar farko. Idan kin shiga gangamin rigakafin shan inna ko na ƙyanda, ko kin yi aikin sa kai a asibitin unguwarku lokacin hutu, shi ma ki sa. Haka nan binciken da kika rubuta a shekarar ƙarshe, ki ambaci takensa da abin da kika gano a jimla ɗaya ko biyu.

A nan ne ake bukatar taka tsantsan da gaskiya. Kada ki liƙa wa sunanki haruffan RN, masu nufin nas mai rajista, sai Hukumar Kula da Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya ta yi miki rajista. Kafin nan, ki rubuta a layin da ke ƙasan sunanki cewa kin kammala karatun jinya, kin ci jarrabawar hukuma, kina jiran lasisi, kuma kina sha'awar ɓangare kaza. Ranar da lasisin ya fito sai ki gyara, ki sa shi a wurin da aka tanada domin takardun shaida tare da shekarar da zai ƙare, tun da lokaci-lokaci ake sabunta shi bayan an halarci kwas ɗin ƙarin sani na dole. Abin da kika gani ana yi kawai, kada ki rubuta cewa kin yi shi da hannunki, domin ranar ganawa shugabar ɗaki za ta iya ce miki ki nuna. Kada kuma ki ɗora hoton lasisin ko na takardar shaidarki, saboda 'yan damfara na kwafar irin waɗannan takardu su yi amfani da lambar wani. Sunan da ke kan shafin ya zama daidai da wanda ke kan takardunki, harafi da harafi. Wannan ya fi shafar mata da ke sauya suna bayan aure.

Da Turanci za ki rubuta shafin, domin da shi masu neman ma'aikata ke bincike, kuma ki ba wani ya duba miki kurakurai kafin ki saki. Amma ki tabbata kin sa Hausa a jerin harsunan da kike ji, tare da Fulatanci ko Barbarci idan kin iya. Yawancin sababbin nas-nas ba sa ɗaukar wannan da muhimmanci, alhali ƙungiyar da ke aiki a ƙauyukan Arewa tana matuƙar bukatar wadda za ta iya zaunar da uwa ta yi mata bayanin yadda ake ba yaro abincin maganin tamowa da harshen da take fahimta.

Game da hoto, ba dole ba ne, ko da yake shafin da ba hoto mutane kan yi shakkar ko na gaske ne. Hoton fuska da kafaɗa cikin farin kayan aiki da hijabinki, a jikin bango marar komai, ya wadatar. Idan hankalinki bai kwanta ba, akwai wurin saiti da za ki taƙaita ganin hoton ga waɗanda kika amince da su kaɗai. Kada ki sa lambar wayarki a fili. Ki buɗe adireshin imel mai ɗauke da sunanki na gaskiya domin harkar aiki kawai. Duk wanda ya turo miki saƙon da ya kauce daga maganar aiki, ki toshe shi ba tare da dogon bayani ba.

Abin da na fi so ki riƙe da kyau shi ne sirrin marar lafiya. Kada ki ɗauki hoto a cikin ɗakin jinya, ko da kina ganin ke kaɗai ce a ciki, domin sau da yawa a bayanki akwai gado, ko katin wani da sunansa a rubuce, ko allon da ake jera sunayen waɗanda aka kwantar. Kada ki ba da labarin wata da kika karɓi haihuwarta ko wani da ya rasu a hannunki, ko da kin ɓoye suna. A gari kamar Funtuwa, ambaton rana da irin ciwon ya isa a gane ko wace ce. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce bayanan lafiyar mutum sirri ne da ba a fitarwa sai da rubutacciyar yardarsa, ko umarnin kotu ko na doka, ko idan ɓoyewar za ta jefa lafiyar jama'a cikin haɗari, sannan dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta sanya bayanan lafiya cikin waɗanda ake ba kariya ta musamman. Idan kina son yin rubutu, ki rubuta abin da kika koya a wani kwas ko taron bita, ko ki yi bayani kan muhimmancin zuwa awo da wanke hannu, musamman a irin ranar 12 ga Mayu da ake bikin ma'aikatan jinya na duniya.

Wajen haɗa zumunci, ki fara da waɗanda suka san ki: malamanki, da shugabannin ɗakunan da kika yi horo, da 'yan ajinku, da waɗanda suka riga ku gamawa. Duk wadda za ki tura wa gayyata, ki haɗa da gajeren saƙo na girmamawa mai tuna mata inda kuka haɗu, kada kuma ki buɗe da roƙon aiki. Malama ɗaya da ta ga aikinki ta rubuta miki shaida ta layi uku a shafin ta fi miki baƙi ɗari biyar da ba su san ki ba. Ki bibiyi shafukan asibitoci da ƙungiyoyin da kike sha'awa, ki kuma shiga ƙungiyar ma'aikatan jinya da ungozoma ta ƙasa, NANNM, a reshen da ya fi kusa da ke.

Da zarar shafin ya fara kyau, za ki fara samun saƙonnin masu cewa za su kai ki aiki Ingila ko wata ƙasa idan kin biya kuɗi. Ki sani cewa Najeriya na cikin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a 2023 a matsayin masu fama da ƙarancin ma'aikatan lafiya, kuma ƙa'idar Birtaniya ta hana dillalai farautar ma'aikata daga irin waɗannan ƙasashe, ko da yake nas na iya neman aikin da kanta kai tsaye. Saboda haka dillalin da ya biyo ki da irin wannan tayi, tun daga nan ya saɓa ƙa'ida. Haka ma a cikin gida, ƙungiyoyin agaji na gaskiya ba sa karɓar kuɗin fom ko na ganawa. Duk sanarwar aikin da kika gani, ki je shafin ƙungiyar ko asibitin da kansa ki tabbatar tana nan kafin ki tura takardunki, kuma ki duba cewa adireshin imel ɗin da aka ce ki tura wa na ƙungiyar ne, ba na wani mutum ba.