Kalma ba ta tafiya ita kaɗai

Assalamu alaikum. Ƙanwata, na ga tambayarki tun daren jiya, inda kika ce kina haddace kalmomin Turanci 20 kullum daga ƙamus saboda jarrabawar IELTS, wadda ake gwada iya Turanci da ita, amma kafin mako ya zagayo duk sun tsere miki, kuma kina neman hanyar koyon manyan kalmomi da salon magana irin na masu harshen. Shekara 14 ke nan ina koyar da Turanci a sakandare, kuma ni ma na taɓa cika littattafai da jerin kalmomi kamar yadda kike yi.

Ƙwaƙwalwarki lafiyarta ƙalau. Abin da ke faruwa shi ne kina ɗauko kalma ki raba ta da abokan tafiyarta. Dubi Hausarmu. A ce Bature ya haddace cewa “ci” na nufin sa abinci a baki. Ranar da ya ji an ce wane ya ci amana, ko an ci kasuwa, ko yarinya ta ci jarrabawa, ko an ci mutuncin dattijo, ina zai kama? Haka “sha”: mu sha ruwa, mu sha iska, mu sha wahala, ƙungiyar ƙwallo ta sha kashi. To Turanci ma haka yake da put da take da get. Put off ɗage abu ne, put up with haƙuri ne da abin da ba ka so, put out kashe wuta. Wanda ya mallaki waɗannan ya fi mai haddar kalmomi masu tsawon zango iya harshen.

Nan ne ɗalibaina suka fi faɗuwa. Yaro zai rubuta drink medicine domin a ransa “shan magani” yake faɗa, alhali take medicine ake cewa. Wani ya rubuta I hear smell domin mu “jin wari” muke yi. Kalmomin duk ya san su, haɗin ne ba nasu ba. Saboda haka idan kin tsinci sabuwar kalma, rubuta ta tare da jimlar da kika same ta a ciki. Kada ki rubuta decision kawai, rubuta make a decision. Ruwan sama mai ƙarfi heavy rain ne, shayin da ganyensa ya fito sosai kuwa strong tea. Ƙamus ɗin Oxford Advanced Learner's, wanda A. S. Hornby ya assasa don baƙin harshen, yana ba da irin waɗannan misalai a ƙarƙashin kowace kalma, kuma misalan sun fi ma'anar amfani. Masu duba rubutu da magana a IELTS suna lura da wannan haɗi a ma'aunin da suke bai wa kalmomi maki, musamman daga mataki na 7 cikin matakai 9 na makin jarrabawar, wanda kike nema.

Sai batun salon magana, inda nake so ki yi taka-tsantsan sosai. Wani abokin aikina ya taɓa nuna mini saƙon ta'aziyya da zai aika wa wani Bature da mahaifinsa ya rasu, ya sa kicked the bucket domin ya gani a jerin da ya haddace cewa ma'anarsa mutuwa. Allah ya sa ya nuna mini kafin ya tura. Ki ɗauka kin je gaisuwar rasuwa kin ce wa mutum “ashe baba ya sheƙa barzahu”, a inda ya kamata ki ce ya riga mu gidan gaskiya. Passed away ake cewa. Jerin nan da ake yawo da su a WhatsApp suna ba ki ma'ana, ba sa gaya miki gaban wa ake faɗa. Dokata ita ce ba na amfani da salon magana sai na ji shi a bakin masu harshen ko na karanta shi sau 3 a wurare daban. Shirin The English We Speak na BBC Learning English ya taimake ni a nan, gajere ne, ba ya cin data.

Game da manyan kalmomi, akwai tarihin da zai sauƙaƙa miki. Bayan Normawa daga Faransa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da shari'a, ga kuma Latin na coci da ilimi. Shi ya sa ake samun ask ta yau da kullum, da question, da interrogate ta 'yan sanda da kotu. Kamar yadda Larabci ya ba mu “hukunci” da “adalci” ne. Kowace da muhallinta, ba ki yi wa ƙawarki interrogate a kan inda ta sayi atamfa. Don rubutun ilimi, nemi Academic Word List da Averil Coxhead ta fitar a 2000, dangin kalmomi (wato kalma da waɗanda suka samo asali daga gare ta) 570 ne kacal, kuma su ne ke yawan maimaituwa a litattafan jami'a.

Mantuwa kuwa maganinta tilawa, kamar dai a makarantar allo. Rage 20 ɗin nan zuwa 5, ki waiwaye su gobe, da bayan kwana 3, da bayan mako. Manhajar Anki tana tsara wannan da kanta, amma ƙaramin littafi a jaka ma ya isa.

Ki fara da labari ɗaya na jarida a yau, ki fitar da haɗi 5, ki gina jimla da kowanne a kan aikinki ko gidanku. Idan kin rubuta, turo su nan ƙarƙashin wannan amsa, zan duba miki bayan sallar isha'i in sha Allah.