Wace ce ake kira uwargida?

Akan tambaya ko kowace matar aure ce uwargida, da kuma inda kalmar ta samo asali.

Kalmar Hausa ce tsantsa, haɗin "uwa" da "gida" da harafin mallaka -r a tsakani. A gidan mai mata fiye da ɗaya, uwargida ita ce wadda aka fara aura, ko da amarya ta girme ta. Shigowa ake dubawa, ba shekaru ba. In ta rasu ko aure ya mutu, mai bi mata ce ke hawa matsayin. Mai mace ɗaya ma yakan ce "uwargidana" don girmamawa, shi ya sa 'yan jarida ke cewa "uwargidan gwamna".

Inda ake yawan kuskure shi ne ɗafa mallaka. "Uwargidansa" ake cewa, ba "uwargidarsa" ba, domin ɗafin yana bin "gida", wanda jinsinsa namiji ne a nahawu.

A kula kuma: 'yar aiki na kiran matar da take wa aiki uwargida, nan babu batun aure ko kaɗan.