Me ya sa sakamakon awon furotin ke sauyawa bayan samfuri ya kwana a firiza?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a Sakkwato, ina auna aikin wani enzayim (nau'in furotin mai hanzarta aikin sinadarai a jiki) a ruwan jinin da nake karɓowa daga Bodinga. Samfuri ɗaya ne, amma abin da na samu a watan Mayu bai kai na Maris ba. Laifin na'ura ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yata. Kafin ki zargi na'ura, ki lissafa sau nawa samfurin nan ya narke ya sake daskarewa.

Daskarewa kanta tana wahalar da furotin. Idan ruwa ya fara zama ƙanƙara, gishiri da furotin sai su cunkushe a ɗan ruwan da ya rage, ma'aunin tsami, wato pH, ya sauya. Misali, a ruwan haɗi na sodiyam fosfet da ake amfani da shi a ɗakin gwaji, pH kan faɗo daga 7 zuwa kusan 4. Nan furotin yake warwarewa, ya manne da 'yan'uwansa. Sau ɗaya da sauƙi, maimaitawar ce ke kashe shi. Jimillar furotin tana iya zama kusan yadda take, amma aikin enzayim ya ragu, kuma shi kike aunawa.

Abin da ya fi damuna a garinmu shi ne narkewar da ba a gani. A watan Afrilu zafi yana haura digiri 40, a ɗauke wuta da dare, a dawo da ita kafin asuba, da safe ki tarar komai ya daskare. Ki daskarar da ruwa a kofi, ki ɗora kwabo a kan ƙanƙarar. Ranar da kika ga kwabon ya nutse, samfurinki ma ya narke.

Tun daga Bodinga ki sa jinin a kula mai ƙanƙara, ki raba ruwan da ƙwayoyin cikin awa 2. Kada ki daskarar da jini ɗungurungum, jajayen ƙwayoyi za su fashe su gurɓata awon. Sannan ki kasa ruwan a ƙananan bututu, kowane na awo ɗaya, da kwanan wata a jikinsa. Ajiya a firij mai sanyin digiri 4 ta 'yan kwanaki ce. Ajiyar watanni tana son firiza mai digiri -80, wato 80 ƙasa da sifili. In -20 kaɗai ke gare ku, ki tura samfurin can ciki, nesa da ƙofa, ki kewaye shi da robobin ruwa masu ƙanƙara.

Ranar awo ki narkar da bututu ɗaya, ki juya shi a hankali ba tare da kumfa ba, domin ƙasansa ya fi samansa kauri. Abin da ya rage ki zubar.