Ganuwa ko Badala? Da Kuma Batun Tumbin Giwa

Wani mai karatu daga Damagaram ya rubuto cewa da ya ziyarci Kano ya ji wasu suna kiran ginin da ya kewaye tsohon birnin ganuwa, wasu kuma suna cewa badala, yana son sanin wanne ne daidai.

Malam, duka biyun Hausa ce tsantsa, sai dai a asali ba abu ɗaya suke nufi ba. Ganuwa ita ce ginin ƙasar gaba ɗayansa, wanda ake zagaye gari da shi don tsare shi daga mahara, kuma garin da ya mallake ta shi ake kira birni. Badala kuwa tudun nan ne da ake bari ta cikin ganuwar kamar dakali, inda mayaƙa ke tsayawa su harba kibau alhali jikinsu yana a kare. Da tafiya ta yi nisa sai Kanawa suka ɗauki sunan ɓangaren suka ba wa ginin duka, shi ya sa Bakano zai ce maka a cikin badala aka haife shi, yana nufin cikin tsohon gari. Amma idan ana yabon mutumin da ya tsaya wa jama'arsa, ganuwa ake ce masa, ba a ce masa badala.

Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin, sannan Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa shi. Duk wanda ya bi titi daga Ƙofar Na'isa zuwa Gadon Ƙaya zai ga ragowar ganuwar, ruwan sama ya zaizaye ta, masu ɗiban ƙasa sun rarake gindinta. Abin yana ci mini rai ƙwarai, domin idan ginin ya shafe, jikokinmu za su riƙa furta kalmar ba tare da sun taɓa ganin abin da take nufi ba.

Wata ɗaliba kuma ta tambayi ma'anar karin maganar nan, "Kano ta Dabo tumbin giwa, ko da me ka zo an fi ka."

Malama, wannan kirari ne, ba karin magana ba, tunda gari guda yake wasawa. Dabon da aka ambata shi ne Sarki Ibrahim Dabo, wanda ya hau gadon sarauta a 1819. Tumbi kuwa shi ne jakar cikin dabba inda abinci ke taruwa, wanda kike gani a teburin mahauta cikin kayan ciki, kuma na giwa ba abin da ba ya ɗauka. Ki shiga Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa tun zamanin Rumfa, ki bi ta layin dukawa zuwa na masu sayar da shuni da kayan doki, za ki fahimci dalilin kwatancin tun kafin ki kai ƙarshen lungu na farko.