Tikitin jirgin ruwan Sifaniya zuwa Maroko: na zuwa kawai ko na zuwa da dawowa?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce kana Sifaniya, kana son ka tsallaka Maroko ta ruwa ka kai ziyara zawiyar Shehu Ahmad Tijjani a Fas, daga nan ka zagaya inda hali ya yi, kuma ba ka tsayar da ranar dawowa ba. Tambayarka ita ce ko tikitin zuwa kawai za ka yanka ko na zuwa da dawowa, tunda an ce maka na biyun ya fi araha. Na bi hanyar nan da jaka a kafaɗa, na kuma bi ta da mota, a lokacin sanyi da na zafi, don haka ga abin da na gani.

In kai kaɗai ne da jakarka, kuma dawowarka ba za ta faɗa ƙarshen Agusta ba, yanki na zuwa kawai. In da mota kake, ko dawowarka za ta faɗa ƙarshen Agusta, yanki na zuwa da dawowa mai rana a rubuce, irin wanda ake yarda a sauya ranarsa.

Amma kafin maganar tikiti, buɗe fasfonka ka duba. Idan katin zama kake da shi a Sifaniya, to alhamdulillahi, sai dai ka tabbata ba zai ƙare kana can ba. Idan kuwa bizar Shengen ce ta ziyara, wato bizar da ake shiga yawancin ƙasashen Turai da ita, duba ko shiga ɗaya aka ba ka ko shiga da yawa. Mai shiga ɗaya, da zarar ya fita ta Tarifa ko Algeciras, tashoshin jirgin ruwa na kudancin Sifaniya, bizar ta gama aikinta, ko da saura wata guda a jikinta. Tikitin dawowa ba zai shigar da shi Turai ba. Na ga bawan Allah a tashar Tanja, ɓangaren Maroko, da tikitinsa a hannu, an hana shi hawa saboda wannan, kuma wallahi har yau abin yana damuna in na tuna. Sannan mai fasfon Najeriya yana buƙatar bizar Maroko, kuma jami'an shige da fice suna da ikon tambayarka yadda za ka fita daga ƙasarsu. Wanda ya yanki na zuwa kawai ya tanadi amsa: katin zamansa, takardar masauki, da shaidar cewa yana da kuɗin komawa.

Abin da ya sa na ce mai tafiya da jaka ya yanki na zuwa kawai shi ne, rangwamen da ake yi a kan na zuwa da dawowa bai taka kara ya karya ba in ka auna shi da abin da ka saryar. Tikitin dawowa yana ɗaure ka da kamfani ɗaya da tasha ɗaya, alhali hanyar ba ɗaya ba ce. Daga Tarifa jirgi yana kai ka cikin garin Tanja a kusan awa guda, ka sauka dab da tsohon gari. Daga Algeciras kuwa tashar Tanger Med ake zuwa, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi, kuma tashar tana da nisan sama da kilomita 40 daga gari, sai ka sake neman mota. Da yawa suna ganin sunan Tanja a tikiti su ɗauka duk wuri ɗaya ne. To kai da za ka gangara Fas, wa ya san ta inda za ka fito? Wataƙila ka wuce Kasabalanka, ka dawo Tanja a jirgin ƙasan Al Boraq da aka buɗe a 2018, wanda ke cin tafiyar a awa biyu da 'yan mintuna. Wataƙila ka yi gabas, ka ga Nador ta fi maka kusa, daga can akwai jirgin ruwa zuwa Almería ta Sifaniya. Wataƙila ma gajiya ta kama ka, ka samu jirgin sama mai sauƙin kuɗi daga filin jirgin Fas kai tsaye. Duk waɗannan ƙofofin a buɗe suke ga wanda bai riga ya biya kuɗin komawa ta Tanja ba. Wanda ya biya kuwa, ko ya bi tikitinsa ko ya yi asararsa, domin mafi arahar tikiti galibi ba a mayar da kuɗinsa.

Ga kuma iska. Mashigin nan na Jibraltar, ruwan da ya raba Sifaniya da Maroko, bai wuce kilomita 14 ba a inda ya fi ƙunci, daga Tarifa kana hango duwatsun Maroko da idonka, amma akwai iskar gabas da mutanen wurin ke kira Levante. In ta taso da ƙarfi, jiragen Tarifa masu gudu su ne na farko da ake dakatarwa, wani lokaci har a kwana ba su tashi ba, manyan jiragen Algeciras kuwa sun fi jure mata. Mai kuɗinsa a aljihu sai kawai ya koma ɗayar tashar ya yanki tikitin duk jirgin da ke shirin tashi. Mai tikitin dawowa sai ya bi layi ya jira yadda kamfaninsa zai yi da shi.

Za a tallata maka abin da suke kira buɗaɗɗen tikiti, wato ka biya kuɗin dawowa amma ba a sa rana ba. A kunne kamar shi ne maganin matsalarka, amma ka yi hattara da shi. Ba kujera ka saya ba, izinin neman kujera ka saya. In jirgin ranar ya cika, masu rana a rubuce za a fara ɗauka. Yana kuma da wa'adi, kowane kamfani da nasa. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne dokar Tarayyar Turai mai lamba 1177/2010 kan haƙƙin fasinjojin ruwa. Ta ce in an soke jirgi, ko ya yi jinkirin tashi fiye da minti 90, dole a ba ka zaɓi tsakanin a ɗora ka a wani jirgin ba ƙarin kuɗi, ko a mayar maka da kuɗinka cikin kwana bakwai. To wannan kariyar ba ta hawa kan mai buɗaɗɗen tikiti muddin ba a sa masa lokacin tashi ba. Kuma a ɓangaren dawowa daga Maroko, dokar tana aiki ne in kamfanin na Tarayyar Turai ne. Ni a ganina, ga mai tafiya da jaka, buɗaɗɗen tikiti ya haɗa illar duka biyun: kuɗinka ya tafi, kujera kuma ba ta tabbata ba. Waɗanda suka riƙe irinsa a Maris 2020 sun ɗanɗana, don da aka rufe hanyar saboda korona, jigilar fasinja tsakanin tashoshin Sifaniya da na Maroko ba ta dawo ba sai Afrilu 2022.

Inda magana ta juya shi ne lokacin zafi. Kowace shekara daga tsakiyar Yuni zuwa 15 ga Satumba, 'yan Maroko mazauna Faransa, Beljiyam, Holan, Italiya da Sifaniya suna kwararowa gida hutu da motocinsu, kaya ɗaure a saman rufi. Maroko tana kiran shirin tarbarsu Marhaba, kuma masu tsallakawa a wannan zangon sukan haura miliyan 3. Zuwan yana warwatsuwa cikin makonni, amma komawar tana taruwa a kwanakin ƙarshen Agusta, saboda makarantu da wuraren aiki suna buɗewa a Turai. A waɗannan kwanakin kada ka je Tanger Med da mota ba tare da tikiti mai rana ba. Na taɓa wuni cikin zafin rana a filin ajiye motoci ina kallon iyalai da ƙananan yara suna jiran a samo musu gurbi. Kwanakin da ke kewaye da babbar sallah ma sukan yi cunkoso.

Mai mota ma ko ba lokacin cunkoso ba, lissafinsa daban ne. Kwastan na Maroko suna rubuta motar da sunanka a matsayin shigowar wucin gadi, ba za ka ajiye ta ka hau jirgin sama ka tafi haka kawai ba. Tunda dole ta ruwa za ka dawo, ƙofofin da tikitin dawowa zai rufe maka ba su da yawa, kuma a kuɗin mota ne rangwamen yake da auki. Abin da za ka yi shi ne ka ƙara 'yan Yuro ka ɗauki wanda ake sauya ranarsa, ka sa ranar da kake zato, in tafiya ta miƙe ka matsar da ita. Ka tambaye su tun kafin ka biya: nawa ne kuɗin sauyi, awa nawa kafin tashi ake daina karɓa, kuma in farashin sabuwar ranar ya fi tsada wa zai cika. Ka kuma tambaya ko rasa jirgin zuwa yana kashe na dawowa, don wasu haka sharaɗinsu yake.

A hanyar shiga Algeciras za ka ga rumfunan dillalan tikiti birjik, a bakin tasha kuma akwai masu tare mutum suna cewa jirgi ya kusa tashi. Kada gaggawarsu ta ɗauke ka. Shiga ciki ka je tagar kamfanin, ko ka saya a shafinsa. In ta Tarifa ka bi, 'yan sandan Maroko a cikin jirgin suke buga hatimin shiga, don haka ka bi layin tun jirgi yana tafiya, kada ka bari sai an isa.

Sai agogo. Lokacin da aka rubuta a tikiti na tashar da jirgin zai tashi ne. A lokacin da na bi hanyar, agogon Maroko daidai yake da na Najeriya da Nijar, Sifaniya kuma tana gabansa da awa ɗaya daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba. A wancan lokacin kuma, da azumi Maroko tana mayar da agogonta baya da awa guda, don haka ko yaushe ziyararka ta faɗa, tabbatar da lokacin a wurin mutanen masaukinka kafin ka kama hanyar tasha. Allah ya kai ka lafiya, ya karɓi ziyara, ka sa mu a addu'a in ka isa Fas.