Ɗana ya koma kwana a fada

Tambaya: Malam, ɗana mai shekara 17 ya bar lakwal, yana kwana a fada, wato majalisar hirar samari ta unguwa, jiya kuma na tsinci wuƙa a ƙarƙashin katifarsa. Ina mafita? Daga wata uwa, Bukoki, Yamai.

Amsa: Hajiya, yawancin fadojin Yamai shayi da hira ne kawai, amma inda zaman banza ya haɗu da ƙwayar tramol, sai fada ta rikiɗe ta koma irin ƙungiyoyin 'yan pale na Damagaram, waɗanda ake ganin girman yaro a cikinsu gwargwadon ƙarfin damtsensa. Wuƙar nan ba abin wasa ba ce. Kada ki kunyata shi a gaban abokansa. Ki kira kawunsa da limamin unguwa su zauna da shi, sannan a damƙa shi ga wani bakanike ko tela da zai riƙa neman sa kowace safiya.