Filin Tambaya da Amsa: Koyar da Ƙananan Yara Annabci da Gafara

Tambaya

Malam, ina gaishe ka da aiki, da fatan Ubangiji ya ƙara maka basira. Ni malama ce a makarantar Lahadi ta wata ikkilisiya da ke unguwar Mabera a birnin Sakkwato, ajin da nake riƙe da shi kuwa na 'yan shekara 3 zuwa 5 ne, waɗanda ba su iya karatu ba tukuna. Kwanakin baya wasu iyaye suka same ni suka ce tun da zamani ya lalace, ga 'yan bindiga suna addabar ƙauyukan gabashin jihar, ya kamata in fara koya wa yaran annabce-annabcen ƙarshen duniya domin su zauna da shiri. Da na ba su labarin dabbar nan da ke cikin Wahayin Yahaya, wata uwa ta gaya mini cewa 'yarta ta yi ta farkawa da kuka cikin dare. Ban da wannan, idan yara biyu suka yi faɗa nakan sa mai laifi ya ce "yi haƙuri", ɗayan kuma ya ce "na yafe", amma ina ganin maganar ba ta wuce fatar baki ba. Shin yara irin waɗannan sun isa a koya musu annabci? Ta yaya kuma zan sa gafara ta shiga zuciyarsu?

Daga wata malamar makarantar Lahadi, Mabera, Sakkwato

Amsa

Malama, sannunki da ƙoƙari, Allah ya saka miki da alheri a kan wannan hidima da mutane da yawa suke gudu. Tambayoyinki biyu ne, amma a ganina tushensu ɗaya, domin a cikin Littafi Mai Tsarki annabci da gafara ba su rabu ba. Manzo Bitrus ya faɗa a gidan Karniliyas, a Ayyukan Manzanni 10:43, cewa dukan annabawa sun shaidi Almasihu, cewa duk mai gaskatawa da shi zai sami gafarar zunubai ta wurin sunansa. Yesu da kansa, bayan tashinsa daga matattu, ya tuna wa almajiransa a Luka 24:46-47 cewa a rubuce yake Almasihu zai sha wuya, ya tashi a rana ta uku, a kuma yi wa dukan al'ummai wa'azin tuba da gafara. Saboda haka amsar tambayarki ta farko ita ce, ƙwarai yara sun isa a koya musu annabci, muddin an fara daga inda manzanni suka fara: Allah ya yi alkawari tun da daɗewa cewa zai aiko da Mai Ceto ya gafarta mana, ya kuwa cika alkawarinsa.

Yaro ɗan shekara 4 bai san bambancin shekara 700 da makon jiya ba, amma ya san alkawari sarai, ya kuma san zafin saɓa shi. Daga nan za ki kama hannunsa. Ki gaya wa ajin a wannan Lahadin cewa Lahadi mai zuwa za ki kawo wa kowa dabino, ki bar su su kwana bakwai suna jira, sa'an nan ki zo da shi a ƙwarya rufe da faifai, ki tambaye su abin da kika ce kafin ki buɗe. Bayan sun ci sai ki ce musu Allah ma ya taɓa aiko mutanensa, waɗanda ake kira annabawa, su faɗi abin da zai yi tun bai yi ba. Idan kin san ba za ki iya kawo dabinon ba, kada ki fara, domin alkawarin da malama ta saɓa yakan rushe darasin gaba ɗaya.

Annabce-annabcen da suka dace da su su ne waɗanda suke da abin da ido zai iya gani. Annabi Mika, wanda ya yi zamani sama da shekara 700 kafin haihuwar Yesu, ya ambaci sunan ƙaramin garin da mai mulkin zai fito, wato Baitalami (Mika 5:2), kuma wannan ayar ce manyan firistoci da malaman Attaura suka kawo wa sarki Hirudus sa'ad da ya tambaye su inda za a haifi Almasihu, kamar yadda yake a Matiyu sura 2. Ishaya 7:14 ta yi maganar ɗan da za a kira Immanuwel. Zakariya 9:9 ta ce sarkin zai zo da tawali'u a kan jaki, abin da ya cika ranar da Yesu ya shiga Urushalima mutane suna shimfiɗa tufafinsu a hanya, kuma babu yaron Sakkwato da za a yi wa dogon bayanin jaki. Akwai kuma bakan gizo a Farawa sura 9, alamar alkawarin da Allah ya yi wa Nuhu, wanda za ki iya nuna musu da damina. Labarin tsoho Saminu a Luka sura 2, wanda aka yi wa alkawari ba zai mutu ba sai ya ga Almasihu, har ya rungumi jaririn a Haikali, shi ma yana shiga ran yara ƙwarai, domin kowannensu ya san kaka riƙe da jika. Makonni huɗu kafin Kirsimeti, lokacin da hunturu ya shigo, sun isa ki bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya, alkawari ɗaya a kowace Lahadi.

Game da buƙatar iyayen nan, ina roƙonki kada ki raina damuwarsu. Wanda yake da dangi a wajen Isa ko Sabon Birni, yana jin labarin garkuwa da mutane da ƙona gidaje, ba abin mamaki ba ne ya ga kamar ƙarshen duniya ya zo. Duk da haka ban yarda a ɗora wa ɗan shekara 3 wannan nauyi ba. Manzo Bulus ya ce wa Korantiyawa da madara ya shayar da su, ba da abinci mai tauri ba, domin ba su isa ba (1 Korantiyawa 3:2), kuma mu ma ba ma ba jariri tuwon dawa tun bai gama da kunu ba. Wahayin Yahaya littafi ne na alamu da misalai, an rubuta shi ga ikkilisiyoyi bakwai na ƙasar Asiya da suke cikin matsi domin a ƙarfafa su, manyan malamai kuma sun daɗe suna saɓani a kan fassarar dabbar da lambarta. Ƙaramin yaro ba ya rarrabe misali da zahiri. Idan aka ce masa dabba mai kai bakwai za ta fito, to yana jiran ta a bayan ƙofa da dare. Yesu ya ce a Markus 13:32 ba wanda ya san ranar ko sa'ar, ko mala'ikun sama, sai Uba kaɗai, don haka wanda ya ce ki nuna wa yara cewa ga ranar nan ta iso ya nemi abin da Littafin bai ba ki ba.

Abin da za ki ɗauko musu daga Wahayin Yahaya shi ne sura 21, aya ta 4, inda aka ce Allah zai share dukan hawaye daga idanunsu, ba sauran mutuwa ko kuka ko azaba. Ki ce musu Yesu ya yi alkawari zai dawo, kuma tun da ya cika na farko zai cika wannan ma. Wannan shi ne shirin da ya dace da shekarunsu. Yarinyar da ta tsorata kuwa, ki zauna da ita tare da mahaifiyarta, ki gaya mata a fili cewa dabbar ba za ta zo ɗakinsu ba, Yesu ya fi ta ƙarfi, ku yi gajeriyar addu'a tare.

Yanzu ga batun gafara, wanda ya fi wuya. Ba laifi ba ne a koya wa yaro ya ce "yi haƙuri" da "na yafe", gama haka muke koya musu gaisuwa tun ba su san darajarta ba, ma'anar takan biyo baya. Matsalar tana cikin gaggawa. Idan aka ƙwace wa yaro abin wasansa, hawaye na zuba, aka tilasta masa ya ce ya yafe nan take, abin da ya koya shi ne cewa zafin da yake ji ba shi da muhimmanci, kuma gafara wata kalma ce da ake faɗa don babba ya ƙyale mutum. Ki fara da ambaton laifin da sunansa a gaban su biyun: wane ya ture ka, ka ji zafi, abin da ya yi ba daidai ba ne. Ki sa mai laifin ya gyara abin da zai iya gyarawa, ya mayar da abin da ya ƙwace, ko ya kakkaɓe wa ɗan'uwansa ƙura. Ki ba wanda aka ɓata wa rai ɗan lokaci ya huce, sa'an nan ki tambaye shi ko ya shirya ya yafe. Idan ya ce a'a, ki jira, ki sake tambaya kafin a tashi. Ma'anar gafara da ɗan shekara 4 zai iya riƙewa gajeriya ce: ba zan rama ba, kuma za mu sake wasa tare.

Labarin Yusufu, daga Farawa sura 37 zuwa 50, shi ne wanda na fi so a wannan aji, domin ya haɗa abubuwan nan biyu wuri ɗaya. Allah ya nuna wa Yusufu a mafarki cewa 'yan'uwansa za su rusuna masa, suka ji haushi suka jefa shi a rijiya, suka sayar da shi a bakin azurfa 20, shekaru suka wuce, yunwa ta kai su Masar, suka rusuna masa ba tare da sun gane shi ba. Abin da aka faɗa ya cika, kuma a daidai lokacin da yake da ikon ramawa ya yi kuka, ya rungume su, ya ciyar da su. Ki lura cewa Yusufu bai ce ba su yi masa komai ba. A Farawa 50:20 ya gaya musu cewa mugunta suka nufa, Allah ne ya juya ta zuwa alheri. Ki raba labarin gida uku ko huɗu, domin da wuya yaran nan su natsu fiye da 'yan mintoci, ki bar su su kwaikwayi rusunawar da rungumar da kansu. Labarin ɗan da ya ɓace a Luka sura 15, wanda mahaifinsa ya hango shi daga nesa ya sheƙa a guje ya tarye shi, zai biyo baya da sauƙi.

Za ki iya fita da su waje, kowa ya ja layi a kan yashi a matsayin laifin da ya yi, sa'an nan ku shafe da tafin hannu, ki gaya musu alkawarin da Allah ya yi ta bakin Irmiya (31:34) cewa zai gafarta laifi, ba zai ƙara tunawa da zunubi ba. Mika 7:19 ta ce zai jefa zunubanmu cikin zurfin teku, kuma tun da yaranki ba su taɓa ganin teku ba, ki ce musu ruwa ne da ya fi Gulbin Rima girma nesa ba kusa ba. Aya ɗaya ta isa su haddace a wata guda, kuma roƙon gafara da ke cikin Addu'ar Ubangiji, a Matiyu 6:12, shi ne na farko. Cikakken Littafi Mai Tsarki yana nan da Hausa tun 1932, an kuma yi sababbin fassarori masu sauƙi bayansa, amma kada ki tsaya karanta musu doguwar sura. Ki karanta a gida, ki zo ki ba da labarin da bakinki cikin harshen da suke ji.

Akwai abin da ya wajaba in ja kunnenki a kansa. Kada yaro ya fita daga ajinki da tunanin cewa gafara tana nufin yin shiru. Idan wani babba ya dake shi har ya ji ciwo, ko ya taɓa jikinsa ta hanyar da ba ta dace ba, dole ya san cewa gaya wa uwa ko malama daidai ne, Yesu kuma yana so ya faɗa. Masu cutar da yara sukan fake da maganar yafiya don a rufe musu asiri. Ubangijin da ya ce wa Bitrus ya yafe ba sau bakwai kaɗai ba a Matiyu sura 18, shi ne a cikin wannan surar ya ce gara a rataya wa mai sa ƙaramin yaro tuntuɓe dutsen niƙa a wuya a nutsar da shi a teku. Idan kika ji irin wannan daga bakin yaro, ki sanar da iyaye da shugabannin ikkilisiya, a kai maganar ga hukuma.

Ki kuma tuna da garin da kuke zaune. Yaranki suna wasa da 'ya'yan maƙwabta Musulmi a ƙofar gida, suna cin abincin sallarsu, su ma suna cin na Kirsimeti. Kiristocin Sakkwato ba su manta da watan Mayun 2022 ba, lokacin da aka kashe wata ɗaliba Kirista a kwalejin ilimi har gwamnati ta sa dokar hana fita, kisan da Majalisar Sarkin Musulmi da Bishop Matthew Hassan Kukah na cocin Katolika a Sakkwato duk suka yi tir da shi. Manya suna hirar irin waɗannan abubuwa a gaban yara, yara kuma suna ji. Saboda haka kada ki yarda wani ya nuna musu wata al'umma ko wani addini ya ce ga dabbar da aka yi annabcinta. Ki koya musu su ambaci sunayen abokan wasansu a cikin addu'a, ki kuma ba su labarin addu'ar da Yesu ya yi a kan gicciye domin waɗanda suka gicciye shi (Luka 23:34), ba tare da zurfafa bayanin ƙusoshi da jini ba.

Iyayen da suka zo miki kuwa, ki nemi fastonku ya kira su zama, ko a yi maganar a taron Zumuntar Mata, ki nuna musu jerin darussan da kika shirya da ayoyinsu, domin su ga cewa ba ki watsar da annabci ba. Kina tare da yaran awa ɗaya ko biyu a mako, sauran kwanakin a hannunsu suke, kuma Kubawar Shari'a 6:7 iyaye ta ɗora wa koyarwar, a zaune a gida da tafiya a hanya, da kwanciya da tashi. Ki roƙe su abu biyu: su maimaita ayar wata tare da yaran kafin barci, kuma idan suka hukunta yaro sa'an nan suka gano ba shi da laifi, su ce masa ya yi haƙuri. Masu son nazarin Daniyel da Wahayin Yahaya kuma, fasto ya buɗe musu aji na manya a wata rana dabam.